Kada Ka Yafe, Kawu

Tun daga ƙofar ofishin tallafin haya har suka hau titin Wendover Avenue, Chamsiya ta jingina kai da gilashin mota tana kallon manyan kantuna na wucewa, mijinta Lamine yana tuƙi yana satar kallonta.

"Chérie, ki yi magana mana..."

"In ce me? Ai ka ji matar da kunnenka."

Ya ji kuwa. Ma'aikaciyar ta duba takardunsu ta ce komai ya yi: kuɗin rashin aiki da Chamsiya ke karɓa tun da kamfaninsu ya rufe sashenta, awannin Lamine da aka zaftare a sito, da shaidar cewa tana zangon ƙarshe na digiri na biyu. Matsala ɗaya ce, ba su taɓa fashin biyan haya ba. Tallafin na wanda haya ta taru a kansa ne, kuma sai mai gida ya rubuta cewa in ba a biya ba zai tashe shi.

Mai gidan kuwa Kawu Salifou ne, ƙanin mahaifiyarta Zahara, wanda ya ɗauko ta daga Damagaram bayan rasuwar uwar, ya riƙe ta har ya aurar da ita.

Nan ne wautarsu ta fito fili. Tun da aikin ya tafi, kullum wata ya kama sai su kai wa Kawu kuɗinsa da fara'a, don kada ya san halin da suke ciki. Sun rage cefane, sun sayar da talabijin, a ƙarshe har 'yan kunnen gwal da uwarta ta bar mata suka tafi. Halin mutanenmu ke nan, mutum zai kwana da yunwa amma da safe ya fito da gogaggiyar shadda. Ga shi rufin asirin da suka wahala a kai shi ne ya rufe musu ƙofa. Wannan watan kuma ba abin da ya rage na sayarwa.

Chamsiya ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Kowane mako sai ta zauna gaban kwamfuta ta lissafa wa hukuma wuraren da ta nemi aiki, sannan ta koma kan bincikenta ido na yaji. A hankali ta gaya masa abin da ta yanke: akwai aikin ɗaukar kaya na cikakken lokaci, za ta karɓa, ta ajiye karatun. Ta san in ta ajiye, tallafin makaranta ya tafi ke nan, amma ya fi mata sauƙi a kan ta dubi idon Kawu ta ce ya rubuta mata takardar kora.

Lamine ya karya kan mota ya shiga gidan mai, ya kashe.

"Chamsiya, wallahi ba za ki bari ba. A kan littattafan nan nake ɗaga kanki in sa miki matashi. Yanzu da aka zo ƙarshe?"

"To ya za mu yi, masoyi?"

"Ni zan gaya masa."

Duk da gajiyar sai da ta yi murmushi. Lamine da bai taɓa haɗa ido da Kawu ba? Mutumin da in ya je gidan tun daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in an kawo abinci ya ce ya ƙoshi ko da cikinsa na kuka, don dai kada ya ci a gaban suruki. Amma da ta dubi fuskarsa ta ga ba wasa yake ba, sai ta ji sonsa ya cika mata ƙirji.

Ranar Asabar bayan la'asar suka je gidan Kawu a Sedgefield. Lamine ya zauna a ƙasa kamar kullum, kai a sunkuye, ya fara jawabi yana inda-inda, gumi na bin wuyansa duk da sanyin falon. Ya faɗi komai, bai rage ba.

Kawu ya dubi Chamsiya, ya dubi kunnenta da ɗankwali bai rufe ba.

"Ina 'yan kunnen Zahara?"

Hawaye ya zubo mata.

Ran Kawu ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ashe bare suka ɗauke shi, har a sayar da kayan 'yar'uwarsa a miƙo masa kuɗin yana sa albarka bai sani ba. Da aka zo batun takarda kuwa, sai ya miƙe tsaye. Shi Salifou, ya sa hannunsa ya rubuta zai kori 'yar Zahara? Mutanen masallaci su ji su ce me?

"Bon, magana ta ƙare. Hayar wannan wata da ta gaba, har ki gama, na yafe."

Da a wani lokaci ne da Chamsiya ta faɗi tana godiya. Amma Anti Ramlatou, matar Kawu, ta taɓa tsegunta mata a kicin cewa kantin Kawu ba ya tafiya, kuma da hayar nan ake biyan bankin da ya ba da rancen gidan. Shi ma da gogaggiyar shaddarsa yake yawo.

Ta matso ta durƙusa gabansa.

"Kawu, don Allah kada ka yafe."

"Me kika ce?"

"In ka yafe, ofis za su ce ba a bin mu komai, ba za su biya ba. Banki kuma ba zai yafe maka ba... Na sani, Kawu. Ba ƙarya za ka rubuta ba, ba mu da kuɗin. Ka bar ni in gama karatuna ba tare da na ci gidanka ba."

Kawu ya waiwaya wajen Anti Ramlatou, ita kuwa ta tsura wa kafet ido kamar yau ta fara ganinsa. A hankali ya koma ya zauna. A ranar Chamsiya ta lura da yadda furfura ta cinye gemunsa.

Ita ta buga takardar a kwamfutarsa, da Turancin ofis mai sanyi. Ya sa tabarau ya karanta, da ya zo kan sunanta sai ya cire ya goge ido da bakin riga. Ya sa hannu, ya ture ta gefe bai sake kallonta ba.

"Ranar da za ki sa hular nan ta kammala karatu, a layin gaba zan zauna. In kika faɗi jarrabawa, da gaske zan kore ki."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kifa kai a gwiwarsa kamar lokacin da take yarinya.

Anti Ramlatou ta shigo da tire na dambu. Lamine ya fara ja da baya yana cewa Alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Kawu ya jawo kwanon ya ajiye a tsakaninsu.

"Matso, Lamine. Kunyar nan ta ci mana gwal ɗin Zahara, ya isa haka. Wanke hannu."

Lamine ya dubi matarsa, ta gyaɗa masa kai tana share fuska. Ya matso, ya yi bisimilla, ya sa hannu a kwano ɗaya da surukinsa.