Lungun da Ba a Gani Daga Sama

"Ba zan goge ba."

Saurayin ya ɗago daga kan kwamfutarsa ya dubi mai maganar. Doguwa ce baƙa, cikin hijabi ruwan toka, ta riƙe waya kamar mai riƙe da hujja a gaban alƙali. Ranar Asabar ce, matasa sun cika wani aji a firamaren unguwa, ana koya musu saka hanyoyi da rijiyoyi da shaguna a taswirar nan ta waya wadda kowa ke iya ƙara abin da ya sani. Shi Haisam, ma'aikacin safiyo, shi ke duba aikin kowa.

"Malama, dubi hoton tauraron ɗan'adam," ya ce yana juyo mata da kwamfutar. "Inda kika ja layin nan rufin gida ne. Babu hanya."

"Kai daga sama kake kallo. Ni a ƙasa aka haife ni."

Aji ya kwashe da dariya. Haisam ya sosa ƙeya.

"Sunanki fa?"

"Sailuba Labaran. Taso in nuna maka, in ba ka tsoron takalminka ya ɓaci."

Ya bi ta. Can cikin Ƙofar Gayan, hanyar ta ƙuntata, ta shige ƙarƙashin soron gidansu Sailuba, wuri mai duhu da sanyi, sannan ta ɓulla ga gidajen baya. Wata mata ta raɓa su ɗauke da jarkar ruwa. Haisam na ta waige-waige har goshinsa ya daki azara.

"Sannu," in ji Sailuba, tana danne dariya. "Hanyar da babu ce ta buge ka."

Yana murza goshi yana kallonta, ya ma manta da zafin. Ita kuwa ta kau da kai, don ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta wanda duk karatunta na jami'a bai koya mata sunansa ba.

Daga ranar, Lungun Soro ya zauna a taswira, Haisam kuma ya zauna a zauren gidan Alhaji Labaran duk yammacin Juma'a. Sauran ranaku sai saƙon waya.

"Gimbiyar Lungu, yau na saka famfo da mai facin taya a Kusfa. Na nemi inda zan saka kewarki, manhajar ta ce ba ta da alamarta."

"Mai Kallon Sama, ka ajiye ta tare da sauran abubuwan da ba a gani daga sama."

Ana haka Alhaji Labaran, mahaifinta, ya sa aka sauke bulo a bakin lungun don ya toshe shi. Ya ce filin na kakansa ne, alfarma aka yi wa mutane, kuma ya gaji da 'yan acaɓa da ɓarayin awaki. Mutanen gidajen baya suka kai kuka wurin mai unguwa, don in an toshe, matansu sai sun yi dogon zagaye kafin su kai famfo ko asibiti. A gaban dattawa wani ya ɗaga waya ya ce, "Ga shi duniya ma ta san hanya ce. Kuma 'yar gidan ce ta saka."

Alhaji ya dawo ko babbar riga bai cire ba.

"Sailuba! Ke za ki tsaya shaida a kaina? Ɗauko wayar nan ki goge, yanzu."

Ta durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ranar da ka toshe shi, ni da hannuna zan rubuta an toshe. Amma muddin mutane na bi, ba zan ce babu shi ba."

"Karatun ke nan? Ko ɗan safiyon nan ne ya hure miki kunne?"

"Shi ma cewa ya yi in goge, tun farko. Na ƙi."

"To, kada in sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidana."

Wannan kam ta bi. Ta aika wa Haisam: "Kada ka zo, kada ka kira. Umarnin Baba ne. Abu ɗaya na ƙi masa, ba zan ƙara na biyu ba."

Amsarsa gajeriya ce: "Na ji, Gimbiya. Ina nan inda kika bar ni."

Mai unguwa ya yanke cewa hanya ta zauna. Bulon ya yi ta shan ruwan sama har ya yi kore. Alhaji bai zage ta ba, bai dake ta ba, sai dai ya ɗauke mata magana ɗungurungum. Kullum da safe ta durƙusa ta gaishe shi, ya ƙara wa rediyo murya. In ta kai masa abinci, ya ce da mahaifiyarta, "A gaya wa mai ilimin ta ajiye." Sailuba ba ta taɓa yin kuka a gabansa ba. Sai ta shiga ɗaki.

A ɗakin take buɗe taswira. Ba ta iya jin muryar Haisam, amma tana ganin sawunsa. Sabon kantin magani a Limancin Kona: jiya ya bi ta can. Rumfar masu ɗinkin hula kusa da kasuwar Amaru: to, ya ci abinci kuwa? Takan sa yatsa a kan alamar ta daɗe, kamar za ta ji ɗumin hannunsa.

Wata safiya ta buɗe, babu Lungun Soro.

Muntasir, ɗan wan Alhaji wanda ya daɗe yana yi mata shisshigi, ya same ta tsakar gida.

"Ƙanwata, kin ga mutumin naki? Baffa ya aika masa cewa in ya goge, za a ba shi ke. Ai ko kwana bai yi ba."

Ta shige ɗaki. Ta rubuta wa Haisam: "Ashe da arha za a saye ka." Ta kashe wayar ta jefa ƙasan akwati. Manhajar na ajiye sunan duk wanda ya taɓa wani abu, ta sani sarai, amma ta kasa dubawa. Tsoron ganin sunansa ya fi mata ciwo a kan zargin.

Sai da azumi ya zo ya wuce ta kunna. Saƙo ɗaya ta tarar.

"Gaskiya ne an aiko mini. Na ce ina son ki fiye da numfashina, amma in na goge, wadda za a ba ni ba za ta ƙara kallona ba. Duba tarihin gyaran, Gimbiya."

Ta duba. Wanda ya goge sabon shiga ne, ya ma sa sunansa na wasa da duk gidan suka sani, na Muntasir. Wanda ya mayar da lungun washegari kuwa Haisam ne. Ta kifa kai a gwiwa, ta yi kukan da ta daɗe tana ɓoyewa.

"Ka yafe mini, Mai Kallon Sama."

"Na yafe tun kafin ki aiko. Kin rame?"

"Ba ruwanka."

"Kin rame ke nan."

Gwaggo Tani, yayar Alhaji, ita ta kawo ƙarshen abin. Ta shigo da sandarta ta zauna a kan dardumarsa ba sallama biyu.

"Labaran, yarinyar nan tana bushewa a gabanka. Taurin kan wa ta ɗauko? Nawa? Yaron ka gwada shi da abin da ya fi so, bai ci amana ba. Irinsa kake nema wa 'ya, ko irin mai goge hanya a ɓoye?"

Alhaji ya daɗe yana jan carbi.

"Su turo," ya ce.

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Matan gidajen baya suka yi ta shigowa da masa da fanke, guɗa har bakin titi. Da za a tafi da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta. Ta kama ƙafarsa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya ɗora hannu a kanta, idonsa na kallon bango.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuri'a tagari."

Mata suka amsa da amin. A mota Haisam ya leƙa ƙarƙashin mayafinta ya ce, "Yau dai daga kusa nake kallo." Ta yi dariya cikin hawaye.

Allah ya ba su zaman lafiya, kuma har yau mutane na bin Lungun Soro. Amma gaskiyar ba kyauta ta zo wa Sailuba ba. Mahaifinta yana amsa gaisuwarta yanzu, yana ɗaukar ɗanta ya yi masa wasa, sai dai bai sake zama ya yi hira da ita kamar da ba. Ta sami miji, unguwa ta sami hanya, ita kuma ta rasa sakin fuskar ubanta.