Gogen Tsoho Eilif

Ruwan nan na garinmu da ba ya gajiya shi ake yi lokacin da aka kira Sufeto Sunniva Haugland zauren coci. An fasa taga, an ɗauke gogen ƙungiyar makaɗa. Masunta ne suka kafa ƙungiyar bayan yaƙi, kuma a al'adarsu gogen nan a hannun jagaba yake zama. Jagaban kuwa tsoho Eilif ne, wanda zai yi kiɗa shi kaɗai gaban duk gari ranar Asabar.

Ta same shi zaune, akwatin gogen a cinyarsa. Sandar gogen kawai aka bari ciki.

"Baba, yaushe rabonka da shi?"

"Kofi? A'a 'yata, na sha."

Sufeto ta bar shi a nan. Da ta leƙa tagar, sai ta ga gilashin duk waje ya zube, wato daga ciki aka fasa ta.

Ta nufi Bjarte, likitan haƙori mai ba makaɗan umarni da hannu in suna kiɗa.

"Kunnen tsohon nan lafiya kuwa?"

"Garau!" Ya kau da kai. Sai idonsa ya faɗa kan sandar. "Ikon Allah, wa ya sassauta izgar sandar nan? Jiya da zan kulle zauren a ɗaure na gan ta, har na yi mita. Tsohon mantuwa yake yi yanzu. Gudrun ce ke sassauta masa in an gama don kar ta lalace, tunda takardar kiɗa ɗaya suke dubawa, ita kuma jiya ta tafi da wuri."

Ɓarawon da zai tsaya tausayin izga! Sufeto ta wuce gidan Gudrun, wadda ta tsufa a kujerar kusa da Eilif a ƙungiyar.

"Ciwon kai ya kore ni, ban koma ba," in ji Gudrun. "Zauna mana, kin rame kamar busasshen kifi."

"Inna, hannunki ne ya tona ki. Kin saba, kin sassauta izgar ba ki sani ba."

Gudrun ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta tashi ta buɗe kabad. Ga gogen nan, naɗe cikin rigar sanyi.

"Ba ya jin abin da yake kaɗawa, Sunniva. Yara na dariya a bayansa, shi kuma Bjarte matsoraci ya kasa faɗa masa. In bar shi ya tsaya gaban gari a yi masa tafin tausayi? Gara a ce ɓarawo ne."

Sufeto ta riƙe mata kwat ta saka.

A hanyar ofishin 'yan sanda suka biya ta zauren a motar Sufeto don a mayar da gogen. Eilif ya rungume shi, ya leƙo cikin motar yana murmushi.

"Gudrun, ke ma an rage miki hanya? Kar ki makara Asabar fa. Wa zai juya mini takarda?"