Littattafan Baba Sun Tsufa

Ranar da ta fara ganinsa, ya zaro mujalladi biyar daga kundin shari'a, jerin littattafan nan arba'in masu taƙaita dokoki, ya baje mata su a teburin aikinta kamar kayan gwanjo.

"Malam, laburaren kotu ne nan fa," ta ce.

"Yi haƙuri. Lambar shafi zan rubuta a takardata?"

"Shafi? Kai lauya ne kuwa? Mujalladi ake rubutawa, da bugu, da lambar sakin layi. Sannan ka duba ɗan littafin gyara da ke aljihun bangon baya, ko dokar ta sauya."

Ya yi murmushi. Abin takaici, murmushin ya yi masa kyau.

Kafin wata uku, saƙonninsa sun hana wayarta sakat.

"Malamata, yau ma na kasa aiki. Ke nake gani a kowane layi."

"Ɗalibina, ka mayar da mujalladi na tara a gurbin na sha tara. Na yi kewarka, amma ka zo ka gyara."

Matsalar ita ce babanta, tsohon alƙali. Yana jin maganar aurensu ya ce a'a.

"Wannan? Ya taɓa tsayawa gabana ya kafa hujja da kundi, kamar shi ne hukuncin kotu. Kundi hanya yake nuna maka, ka je ka nemo hukuncin. Malalaci ne. Ga ɗan abokina nan, mai ladabi."

Ta yi kuka har ta gaji. Da ƙyar Mama ta shawo kansa ya yarda ya yi wa lauyan tambaya ɗaya. In ya faɗi, magana ta mutu.

Ranar, ta laɓe bayan labule. Baba ya yi tambaya a kan dokar haya, ya zaro littafi daga nasa kundin, ya karanto amsar da kansa.

"Haka ne ko ba haka ba?"

Ta san an soke wannan dokar. Tun da Baba ya yi ritaya aka daina aiko masa da littafin gyara. Ka ce haka ne kawai, ta faɗa a ranta, don Allah ka rufa mana asiri!

"Ranka ya daɗe, ba haka ba ne. Shekara huɗu ke nan da soke ta."

Shi ke nan, ya kashe su! Wane irin mutum ne wannan?

Baba ya ƙwala mata kira.

"Ke! Fito, ina ganin ƙafarki. Gaskiya ya faɗa?"

"Eh, Baba."

"Kin sani, kika bar ni ina ba maƙwabta shawara da matacciyar doka? Shi ma ɗan abokin nawa jiya ya ce min haka ne!"

"Tsoro nake ji, Baba."

Ya yi tsaki, ya juya ga lauyan da gumi ya jiƙa wa riga.

"Turo manyanka. Gara a samu mutum ɗaya a dangin nan da zai iya kallona ya ce na yi kuskure. Allah Ya yi muku albarka. Ku tashi ku ba ni wuri."