Tabon Baba Ishaku

Iska ce ta haɗa su. Albert ya kafa fitilar hotonsa mai batir a harabar wani coci a Barnawa, ya ɗaura mata farar lema, yana ta fama da jera 'yan Zumuntar Mata, sai iskar hadari ta cika lemar ta yi gaba da ita. Saura ƙiris fitilar ta sha ƙasa wata budurwa ta cafke sandar, ɗaya hannun nata riƙe da kular shinkafa.

"Malam, kayanka za su tafi Abuja ba sallama," ta ce.

Albert da bakinsa ba ya mutuwa, ranar sai ga shi yana in'ina. Sunanta Abigail, malamar firamare ce a Kakuri. Ita ta riƙe masa sandar har aka tashi, shi kuwa bai bar wurin ba sai da lambarta.

Kafin damina ta fita soyayya ta yi nisa.

"Mai lema, ka ci abinci kuwa, ko batir kawai kake ta yi wa caji?"

"Abi tawa, na ci. Amma rabona da muryarki tun safe, ki tausaya mini."

Matsalar ɗaya ce, Baba Ishaku, mahaifinta. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, gobarar da aka taɓa yi a masaƙar ta ci kuncinsa na hagu har wuya. Da maganar ta je masa, a taƙaice ya yanke ta.

"Ban da mai hoto. Ba sa nuna mutum yadda yake."

Ga kuma wani ma'aikacin banki da ke ta zarya da mota, 'yan uwa duk sun koma bayansa. Hankalin Albert ya tashi ƙwarai, don da gaske yake son yarinyar nan. Sai ya yi wa kansa lissafi, wai tsoho kunyar tabonsa yake ji.

Ranar da mahaifiyar Abigail ta cika shekara sittin Albert ya zo da kayansa. Babu wuta a unguwar, ko a jikinsa. Ya kafa fitilar ta hannun daman Baba, ya rage haske, ya bar kuncin hagu cikin inuwa. Hoto ya fito tas, ba ka ganin ko alamar tabo. Ya sa shi a firam, ya kawo yana washe baki, bawan Allah.

Baba ya duba, ya sake dubawa.

"Ina saurana?" ya ce. Ya kife hoton a kan tebur ya shige ɗaki.

Kwana uku Abigail ba ta ɗaga wayarsa ba. A na huɗu saƙo ya shigo.

"Me ya hana ka tambaye ni? Mutum huɗu Baba ya ciro daga wutar nan. A gidanmu ba a ɓoye tabon nan. Ka ɓata mini rai sosai. Ina sonka, amma ba zan aure ka Baba yana fushi ba."

Kunya ta kama shi kamar ya nutse. Washegari da sassafe ya je ya durƙusa.

"Baba, na yi kuskure. Ban tambaya ba na yanke hukunci. A ba ni dama in gyara."

Tsohon ya dube shi. "Abin nan naka yana aiki inda babu wuta ko? To ɗauko shi."

Keke mai ƙafa uku suka hau su uku har ƙofar tsohuwar masaƙar, wadda ciyawa ta cinye. Rana tsaka ce, haske ya yi tsauri. Albert ya sa Baba ya ba rana baya, ya kafa fitilar ta hagu, daidai tabon, Abigail ta riƙe sandar. Baba ya tsaya ƙyam, yana kiran sunayen mutanen huɗu ɗaya bayan ɗaya. Yana rufe baki fitilar ta yi wal.

Albert ya miƙa masa kyamarar ya ga hoton. Tabon ya fito duka, kowane layi, idanun kuma cike da ƙwalla.

Baba ya ƙura wa hoton ido har Abigail ta fara tsorata.

"Wannan ni ne," ya ce a hankali. "Ka turo manyanka."

A watan Disamba aka ɗaura auren. Albert ya danƙa kyamara a hannun abokin sana'arsa, amma sai da amarya ta dinga jan rigarsa, don ko a gaban fasto yana ta yi wa mutumin nuni ya gyara fitila.

Baba ya kamo hannun Abigail ya sa a na Albert.

"Ga ta nan, da daɗinta da rigimarta, duka na ba ka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka."

Coci ya amsa da amin. Abigail ta kifa kanta a kuncin mahaifinta na hagu ta yi ta kuka.