Jan Zaren Da Auta Ba Ta Gani Ba

Auta na zaune gaban keken ɗinkinta, tana ta laluben kafar allura. Mijinta, mai gyaran fanka da unguwa ke kira Injiniya, ya leƙo daga ɗaki.

"Bebi, har yanzu ke da allurar nan ba ku shirya ba?"

"Zo ka zura min, filis — hannunka ya fi albarka."

Ya zura yana dariya, a zatonsa shagwaɓa ce. Alhali Auta na fama da ciwon jijiyoyi da likitoci ke kira Em-Es, mai lafawa ya sake tasowa. Tashinsa na farko ya raunana mata idon hagu. Yanzu na daman da ta dogara da shi ya fara ciwo, tana gani dishi-dishi, jan launi ya koɗe mata. Likita ya sha gargaɗinta cewa duk sabon abin da ta ji ta faɗa da wuri. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Dalili kuwa Inna, uwar mijin. Tun kafin biki ta ce ɗanta jinya zai auro. Duk ranar asibiti sai ta raka Auta har gaban likita, ta ɗora jaka a cinya tana jiran abin da zai gaskata maganarta. Injiniya kuwa murna yake, wai uwa da mata sun shaƙu.

"Ya jiki?" in ji likita.

Auta ta saci kallon Inna. "Da sauƙi."

"Ido, ƙafa, hannu — babu sabon abu?"

"Da sauƙi, likita."

Haka aka koya mata amsa gaisuwa, haka ta amsa.

Ana nan Inna ta kawo jan yadi a ɗinka mata rigar bikin 'yar ƙaninta. Ranar gwaji falo cike da 'yan'uwanta mata. Inna ta ɗaga rigar, ta tsaya cak.

"Ku duba min wulaƙanci. Jan yadi, aikin wuya da zare ruwan ƙasa! Don tawa ce, ko? Da ta uwarki ce za ki yi haka?"

"Inna, ai ja ne," in ji Auta a hankali.

Injiniya ya ɗauko zare biyu daga gwangwanin Auta, ya nuna mata.

"Wanne ne ja?"

Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna ruwan ƙasan. Da ta ga fuskarsa sai ta rufe tata da mayafi ta fashe da kuka.

"Tun yaushe?"

"Tun da ka fara zura min allura. Kunya na ji. Kada Inna ta ce daman ta faɗa."

"Ni kuma ina ta dariya," ya ce, ya kasa ɗaga kai.

A ranar ya kai ta asibiti, su biyu kaɗai. Ta zayyana komai, har tafin ƙafarta da ya fara mutuwa. Likita ya yi faɗa, ya ce shi ba gaisuwa yake yi ba, tambaya yake. Aka sa mata ruwan magani, aka sake duba magungunanta. Ganin ya dawo sannu a hankali, ko da yake ba duka ba.

Inna ta aiko ɗanta wai a ba Auta haƙuri. Wannan bai isa ba, kuma Injiniya ya gane haka. Ya koma ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, ki gafarce ni. A gaban mutane aka zarge ta, a gaban mutane ya kamata a wanke ta."

Ranar biki Inna ta fito cikin rigar nan, ba a warware ko zare ɗaya ba. Ta kamo hannun Auta a gaban matan da suka ji zagin.

"Tsoron bakina ne ya ɗinka wannan wuyan, ba ita ba. 'Yata, ki yafe min."

To, yara, ku riƙe wannan. "Da sauƙi" amsar maƙwabta ce, ba ta likita ba. Haƙuri da ciwo daban, ɓoye shi daban. Dangin da suka sa marar lafiya jin kunyar ciwonsa kuwa suna da hannu a abin da ya rasa, kuma inda suka kunyata shi, nan ya wajaba su nemi gafararsa.

Har yau Injiniya ke zura allura. Amma kafin ya miƙa mata sai ya ce, "Ya jiki? Ban da da sauƙi."