Akuyar Mama Asabe

"Juwairiyya, me kika faɗa wa Mama ranar jajiberin Kirsimeti?"

Ko sallama Salim bai ƙarasa ba. Jakar kayan aiki na rataye a kafaɗarsa, saukarsa ke nan daga Zariya, inda ya yi kwanaki yana haɗa wa mutane sola. Matarsa Juwairiyya ta ajiye ludayin miya a hankali.

"Yaya Salim, sannu da hanya... Bari in kawo maka ruwa."

"Ba ruwa na tambaye ki ba!"

Daidai lokacin akuyar Mama ta yi kuka ta bayan katanga. Tun ranar jajiberin take wannan kukan, kuma duk layin babu kunnen da yake shiga kamar na Juwairiyya.

Katangar ce ta raba gidansu da na Mama Asabe, tsohuwar malamar asibiti, Kirista daga kudancin Kaduna, wadda ta zauna a wannan layi na Kurmin Mashi tun ba a haifi Salim ba. Da mahaifiyarsa ta rasu ta bar shi a zanin goyo, Mama ce ta haɗa shi da ɗanta Nathaniel ta shayar. Duk jajiberin Kirsimeti mahaifin Salim, Malam Audu, ke shiga ya yanka mata akuya, don maƙwabtanta Musulmi su ci hankali kwance. Da Malam ya rasu, wuƙar ta koma hannun Salim. Rikici ya zo ya wuce, 'yan cocinsu suka kwashe suka koma ƙetaren kogi, ita ta ce ba inda za ta. Maganarta ɗaya ce, kowa ya haddace: "Ranar da na rasa mai yanka mini akuya a layin nan, ranar zan tashi."

"Nathaniel na can yana loda kayanta a mota," in ji Salim. "Ya tare ni a ƙofa, wai na aika a nemi wani bana. Ni! Ke kuma kika ce mini a Sabon Tasha za ta yi bikin, babu yanka. Shi ya sa na kama hanyar Zariya. Wanne ne gaskiya?"

"Babu ko ɗaya..." Ta sunkuyar da kai. "Ta zo da safe kana wanka. Na ce mata ka ce a yi haƙuri bana."

"Innalillahi..."

"Tsoro na ji, masoyina! Saƙonni ne suka yi ta shigowa, an ce za a yi tashin hankali, an ce ana lura da duk mai shiga gidajensu..."

"Wa ya ce?"

"Ƙawata Yasmin ce ta turo. Ta ce ƙanin mijin ƙawarta soja ne."

"To an yi tashin hankalin?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. Ta dafa ƙaramin cikin da ke jikinta. "In wani abu ya same ka, wa zan nuna wa wannan in ce ga ubansa?"

Salim ya dube ta, ya dubi cikin, ya kawar da kai.

"Shi ya sa da na kira ta in yi mata barka ta amsa mini sama-sama kamar baƙo. Matar da na sha nononta, Juwai."

"Me ka ce wa Nathaniel?"

"Me zan ce? In ce matata ce ta ari bakina ta ci mini albasa? Shiru na yi. Ya faɗi abin da ya faɗa, na haɗiye." Ya ajiye jakar. "Zan tafi masallaci. Wallahi ina son ki, amma in na tsaya yanzu zan faɗi abin da zan yi da-na-sani."

Ya fita. Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Rufin asirin da ya yi mata ya fi mari zafi.

Ana cewa rigakafi ya fi magani, kuma kowa ya yarda tun da manya ne suka faɗa. Abin da manyan suka manta su ƙara shi ne, wani rigakafin shi ne cutar da kanta.

Ta yi alwala ta tayar da azahar. Tana ruku'u akuya ta yi kuka, wayarta da ke kan kujera ta yi ƙara, lissafin raka'a ya kwance mata. Haka take fama tun ranar. Carbi kuwa ba a magana, ta ja shi har yatsunta sun yi tsami, sai dai baki ke tasbihi, ido na kan waya. Da ta sallame ta ɗauki wayar. Yasmin ce, da sabon saƙon murya: a kula ranar sabuwar shekara, a tura wa duk wanda ake ƙauna.

A karon farko ba ta saurara har ƙarshe ba. Ta kashe wayar gaba ɗaya, ta koma kan darduma ta zauna.

Shiru ya yi mata nauyi da farko. Sai ta tambayi kanta abin da ta daɗe tana kauce wa: wai me kike tsoro? Mama Asabe? Tsohuwar da ke aiko mata da kunun tsamiya tun da laulayi ya kama ta? Wadda ta fara gane cikin tun kafin ita mai shi ta gane?

A'a. Ƙofa take tsoro. Tana yarinya ƙarama a Unguwar Sarki, wata safiya gari ya rikice, babanta ya ce zai leƙa shago ya dawo. Ta ga bayansa a bakin ƙofa, ya ɗaga mata hannu. Ko gawarsa ba a samu ba. Tun daga ranar, duk namijin da take so in ya nufi ƙofa da safe, sai ta ji ƙasa na zamewa a ƙarƙashinta. Saƙonnin Yasmin ba su kawo tsoron ba, tarar da shi suka yi a gida suka ba shi abinci.

"Ya Allah," ta ce, goshinta a ƙasa, "ni na yi, ba waya ba ce. Ka ba ni ƙafar da zan taka in je."

Ta zura hijabi ta fita.

A ƙofar gidan Mama an ɗaure katifa a bayan a-kori-kura, ga tukwane, ga ƙafafun gado. Nathaniel na jan igiya. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Amarya, in saƙo ne ki ce masa mun ji na farko, ya isa."

"Yaya Nathaniel, wajen Mama na zo."

"Bar ta ta shigo!" Muryar tsohuwar ce daga ciki. "Gidan dai nawa ne har yanzu."

Mama Asabe na zaune kan kujera 'yar tsuguno a tsakar gida, gilashi a kan hanci, Littafi Mai Tsarki a cinya. Akuyar na ɗaure a gindin gwaiba tana cin dusa, ita kaɗai ce ta ci ribar wannan rigima.

Juwairiyya ta durƙusa. "Mama, Yaya Salim bai ce komai ba. Bai ma san kin zo ba. Ni na ƙirƙira... Shi ma ƙarya na yi masa. Ki yafe mini, don Allah, kada ki tashi saboda ni."

Tsohuwar ta cire gilashin ta goge da bakin zani.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ni na goye shi. Salim ko ƙafa ya karye sai ya rarrafo ya faɗa mini da bakinsa, ba ya aike."

"To me ya sa ba ki..."

"In kai ƙarar mace mai ciki wajen mijinta? Ban tsufa a banza ba." Ta yi ajiyar zuciya. "Amma kada ki ɗauka bai yi mini ciwo ba, 'yata. Ba maganar akuya ba ce. Ƙofar ce. Rabi kika buɗe, kika tare sauran da jikinki, kamar na zo da wuta a hannu. Na dawo na zauna nan na ce, Asabe, matar ɗanki na tsoronki. In jikanki ya zo, haka za a riƙa ɓoye shi? Shi ya sa da Nathaniel ya sake tayar da maganar tashi, ban iya ce masa a'a ba."

Juwairiyya ta fashe da kuka, ta ba ta labarin saƙonnin, ta ba ta labarin babanta, abin da ko Salim ba ta taɓa buɗe wa sosai ba. Mama ta saurara har ƙarshe. Sannan ta laluba ɗankwalinta ta zaro waya.

"Saurari wannan. 'Yan zumuntar matan cocinmu suka turo."

Muryar wata mata ta fito tana haki: a kula, ana shiri, kada a yarda da maƙwabta, ƙanin mijin ƙawarta soja ne...

Juwairiyya ta ɗago da jajayen idanu. "Har da sojan?"

"Har da shi! Bawan Allahn nan yana aiki, ku yana ba ku rahoto, mu yana ba mu."

Dariya ta kuɓuce wa Juwairiyya a tsakiyar kuka.

"Ban ce ba a mugunta a garin nan ba," in ji Mama, fuskarta ta koma daidai. "Na ga abin da na gani a asibiti, ba zan ba ki labari da ciki ba. Kina tsammani ni ba na jin tsoro? Ina ji. Amma na san shi, na san lokacin da yake zuwa, ba na ba shi kujera. Da asuba ba na taɓa waya sai na yi addu'ata. Sannan in ɗauki tsintsiya in share daga ƙofata har taku, in gaisa da masu dawowa daga masallaci. A fuskokinsu nake karanta labarin gari. Ke kuma kin kulle kanki a ɗaki da muryoyin mutanen da ba su san sunanki ba."

"Mama, ki zauna a gidanki, kada ki tashi..."

Tsohuwar ta ɗaga kai. Idonta na kan ƙofa. Salim ne tsaye, bai san matarsa ta riga shi ba. A hannunsa akwai wuƙar Malam Audu cikin kubenta na fata.

"Mama, na zo in..." Sai ya ga Juwairiyya a durƙushe, fuska jiƙe.

"Na faɗa mata, Yaya. Na faɗi duka."

Nathaniel da ke bayansa ya saki igiyar hannunsa. "Kai kuma ka tsaya ina ta zazzaga maka, ka yi gum?"

"To ai ka saba. Tun muna yara ka fi ni baki."

"Ka fi ni shan nono dai, shi ya sa na rame."

"Ku rufe mini baki!" in ji Mama. Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. "Nathaniel, sauke gadon nan."

"Mama, mun gama magana fa! Yau an yi haka, gobe fa?"

"Gobe ta Allah ce. Zan zo in yi muku kwana biyu in ga jikoki, amma gadona a nan yake. Ga mai yanka ya zo, da wane dalili zan tashi?"

"Kirsimeti ai ta wuce."

"Akuyar ta sani ne? Zo ka riƙe masa ƙafafu."

Nathaniel ya yi tsaki, ya yi ƙunƙuni, bai kuma kalli Juwairiyya ba. Amma ya naɗe hannun riga.

Kafin Salim ya nufi gindin gwaibar, ya tsaya kusa da matarsa, ya miƙa mata hannu ta tashi.

"Ka yafe mini, masoyina?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini yadda kike ji ba in zan fita?"

"Ni ma yau na sani."

Ya matse yatsunta. "To daga yau ki riƙa raka ni bakin ƙofa. In tsoron ya zo ki faɗa mini, mu yi addu'a tare, sannan in fita. Amma bakina ki bar mini abina."

"Na bari, wallahi na bari..."

"A kai soyayyar gida!" Mama ta ɗaga murya. "Surukata, ɗauko roba, ke za ki zuba mini ruwa in wanke kayan ciki. In amai ya taso, ga bayan gida can."

Ana kiran magariba kwanon naman akuyar ya iso, mai murfi, da ɗumi. Mama ce ta kawo da kanta. Juwairiyya ta buɗe mata ƙofa har sai da ta bugi bango.

Bayan tsohuwar ta tafi, ta shimfiɗa darduma. Wayar na nan kan kujera a kashe. Bayan katanga shiru, sai ƙarar Nathaniel yana haɗa ƙafafun gado yana mita. Ta kabbara, ta yi sallarta tun daga farko har sallama, ba ta ɓata ko raka'a ɗaya ba.