Dalmar da Ta Faɗa Gidan Mutane

Rana ta yi ja lokacin da tsoho ya tuƙa kwale-kwale zuwa tsakiyar madatsar ruwa. Shekara ashirin yana kai masu awo su auna lakar da ke taruwa a ƙasa, kada ta toshe bakin injinan wuta. Curin dalma ake saukewa da igiya mai ƙulli, a ƙirga. Mai awon bana Dogo ne, mijin 'yarsa, mai takarda da yawa, kunya kaɗan.

Akwai wuri ɗaya da laka ke tashi kamu guda duk wata. Tsoho ya sha gaya masa cewa gini ake yi a ƙasa, kuma ba a sauke dalma a nan sai an yi sallama.

Dogo ya yi dariya. "Baba, kifin ma sai an tambayi lafiyar iyalinsa?"

Ya ɗaga dalmar sama, ya maka ta cikin ruwa.

Igiya ta gudu. Ƙulli goma, ƙulli ashirin. Sai ƙara ta taso daga ƙasa, kamar an fasa tukunya.

Kwaɗi suka yi shiru. Warin hayaƙin girki ya fito daga cikin ruwa.

Tsoho ya raɗa masa ya saki igiyar. Dogo ya ƙi, wai kayan ma'aikata ne. Ya naɗe ta a hannu, ya jawo. Dalmar ta fito da ɗumi. Jini na ɗiga. Wata 'yar hular jariri ta manne a gindinta.

Mace ta kurma ihu a ƙarƙashin katakon da suke zaune a kai.

Aka fizge dalmar. Igiya ta shaƙe hannun Dogo, fuskarsa ta daki gefen kwale-kwale, haƙora suka zube. Ruwa ya ci shi har kafaɗa. Tsoho ya danne ƙafafunsa da gwiwa, yana jin ƙashi na ƙara. Ya tuna 'yarsa da tsohon cikinta. Ya zaro adda.

Ya sari igiya. Addar ta dawo.

Ya sake sara. Ko gezau.

Ya rufe ido, ya sari inda zai saru.

Yatsu huɗu suka bi igiyar. Ruwa ya kwanta lumui.

Dogo ya rayu, da hagu yake rubutu yanzu. Bayan wata uku aiki ya sake kai su wurin. Tsoho ya riƙe masa igiya. Dogo ya durƙusa, ya yi sallama har sau uku.

Daga ƙasa muryar mace ta amsa, a dishe.

"Ku sauke a hankali. Ɗayan jaririn yana barci."